Ƙwarya Bakwai da Turken Akuya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, sai dai Kaka ta riga mu. Ta rasu wata Talata da hantsi, cikin daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai, a ɗakinta da ke gidanmu na bayan Hubbare. Ni ina can ƙauyen da aka tura ni koyarwa. Kafin saƙo ya same ni, kafin in sami motar da za ta iya ratsa laka, an riga an kai ta makwancinta. Ban ga fuskarta ba. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ba na jin zai daina.

Na tarar da ƙofar gida shimfiɗe da tabarmi har bakin hanya. 'Yan hatsi abokan Baffa sun rufe rumfunansu sun zo. Cikin gida kuwa mata ne daga Unguwar Rogo, daga Runjin Sambo, har da na ƙauyukan bakin gulbi, yawancinsu waɗanda suka zauna gabanta suna yara. Wata tana kuka tana cewa Kaka ce ta koya mata alwala. Wani tsohon baduku ya ce shekarar da ya yi jinya, furarta ce ta riƙe shi. Kowa ya kawo tasa, ana Allah ya jiƙanta, ana amin.

Sai Liman ya gyara zama ya ce, "Tsohuwar ga magana ɗaya gare ta. Tun da nis san ta, ba ta taɓa hwaɗin abu ta komo ta sake shi ba."

Jama'a suka amsa, "Ƙwarai kuwa, hakanan na." Baffa yana gefensa, kansa a sunkuye.

Na san yabo Liman ya yi nufi, kuma ranar makoki ba ranar gardama ba ce, don haka na haɗiye. Amma raina ya sosu, domin wadda suke yabo ba ita ce wadda na sani ba. Da maganar Kaka ɗaya ce, da yau ina Jega ina ɗaure bakin buhu. Na ji tsoron a binne ta sau biyu, na farko da ƙasa, na biyu da yabon da ba nata ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami. Baffa, ƙanensa, shi ya riƙe ni, Kaka kuma ita ta haife su duka biyun. Da mai unguwa ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai makarantar boko, ba a yi dogon tunani ba aka ba da maraya. Abin da ba su zata ba shi ne marayan zai so wurin kamar ransa. Kaka, bisa wasan jika da kaka, "Maigida" take kirana, kuma kullum na dawo sai ta tare ni da cewa, "Maigida, ina cehwane? Ko yau ma da yunwa za ni kwana?" Cefanen da take nufi shi ne abin da aka koya mana a ranar. In na kawo mai kyau ta gutsira mini goro, in na kawo shirme ta ce za ta kai ƙarata wurin alƙali a raba auren.

Mahaifinta malamin hisabi ne da taurari. Manoma sukan zo daga nesa su tambaye shi ko lokacin shuka ya yi. 'Ya'yansa maza kasuwa ta ɗauke musu hankali, sai ya zuba abin da ya sani a kan 'yar da takan tsaya bayan ƙofa tana saurare. Ita kuma da ta tsufa, sai ta riƙa tara yaran unguwa bayan la'asar a gindin kurnar tsakar gida tana raba musu.

Da ƙore take koyarwa. Cikin jerenta akwai guda bakwai da ba a taɓa zuba musu komai ba, daga ɗan ƙoƙo har babban masaki, kowace tana shiga cikin 'yar'uwarta. A bakin kowace an ɗiga alama ɗaya da wuta. Sai ta sa ƙwallon goruba a tsakiyar ɗan ƙoƙon ta ce, "Wagga ita ad duniya, tana zaune ba ta motsi." Ƙoƙon farko na Wata ne, sai na Uɗaridu, sai Zuhura, sai Rana a ta huɗu, sai Marrihu, sai Mushtari, masakin kuma na Zuhalu. Takan juya su ɗaya bayan ɗaya, alamomin suna kewaya gorubar, mu kuma muna rera sunayen taurarin. Wanda ya tsallake ɗaya, ludayi ne a ka.

Kada wani ya ɗauka ilimin ƙoren nan wasa ne. Shekarar da rana ta yi zazzaɓi, wato husufi, da tsakar rana, unguwa ta ruɗe, yara suka fito da gwangwanaye suna bugawa don a saki rana, wata maƙwabciyarmu mai ciki ta shigo tana rawar jiki. Kaka ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, ta ɗauko ƙoƙon Wata ta gitta shi gaban na Rana, ta ce, "Kin gani? Wata na yab bi ta gabanta, yanzu shi wuce." Sannan ta nuna mata ƙasa, inda hasken da ke ratsowa ta ganyen kurna ya zama 'yan ƙananan lauje birjik. Matar ta shagala da kallo har haske ya dawo. Mu kuwa Kaka ba ta hana mu bugun gwangwani ba, cewa ta yi mu buga, amma mu san ba bugunmu ne zai sake ta ba.

Tana da wata kalma da duk wanda ya zauna gabanta ya haddace. In yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinta, ba ta ƙago amsa, ba ta kuma kore shi. Sai ta ce, "Aje tambayar." Ta ce haka mahaifinta yake cewa.

Ranar da rigima ta tashi, na dawo ne da cefane mai nauyi. Malaminmu ya zana rana a tsakiyar allo, ya zagaye ta da da'irori, ya sa duniya a ta uku. Kaka ta tambaya kamar kullum, ni kuma na zazzage mata duka, da murnata. Baffa yana bakin rijiya yana alwala. Ya ajiye buta ya ce, "Sake hwaɗi in jiya."

Na sake.

"Wato kakanmu bai san sama ba, sai wani yaro mai gajeren wando? Yau sun ce ƙasa na yawo, gobe su ce alƙibla ta sake wuri. In ƙasa na gudu, mi ya hana hura zubewa cikin ƙwarya? Kai da makarantar ga kun gama. Jega za ni kai ka wurin abokina ɗan hatsi, in mai unguwa na so shi biɗe ka can."

Baffa ba mugu ba ne, kuma ba ya magana biyu. Tsoro ne ya kama shi, kada amanar ɗan'uwansa ta lalace a hannunsa. Na shiga ɗaki na yi kuka har na gaji, don na san in aka kai ni Jega, ni da allo sai a mafarki.

Ita ma Kaka abin ya ɓata mata rai. Kwanaki ta yi ba ta kira ni Maigida ba, ba ta kuma sauko da ƙore ba. Amma da ta ga Baffa ya sa an wanke mini tufafin tafiya, sai ta kira shi ta ce, "Ba a yanke ma mutum hukunci ba a ji ta bakinai ba. A kira min malamin."

Ya zo wata Alhamis bayan la'asar. Saurayi ne siriri, mutumin Zazzau, gumi ya jiƙa masa riga tun kafin ya zauna. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Kaka ta zauna bakin ƙofar ciki da mayafinta, ƙoren bakwai a gabanta, Baffa ya jingina da bango ya harɗe hannu, ni kuma na raɓe kusa da ita.

Bayan gaisuwa ta ce, "Ɗana, abin ga da kac ce ma yara, ka gani da idonka?"

Ya ce, "A'a, Inna. A littafi na karanta."

"To mun yi daidai. Ni ma ga baki nij ji nau. Ba ni labarin yadda anka yi."

Nan ya saki jiki. Ya ce lissafin ƙoren nan nata ba baƙo ba ne a wurin Turawa, su ma a kansa suka zauna ƙarni bayan ƙarni. Yunanawa, wata al'umma ta zamanin da, su ne suka tsara shi, malaman Larabawa suka karɓa suka gyara suka ƙara, daga littattafansu ya shiga ƙasashen Turai. Sai dai taurarin ba sa bin ƙoren sau da ƙafa. Marrihu yakan yi gaba, ya tsaya, ya koma baya, sannan ya ci gaba. Don lissafi ya fita, sai malamai suka riƙa ɗora ƙananan da'irori a kan manya.

Kaka ta gyaɗa kai. "Na san su. Baba yakan ce ɗinki bisa ɗinki, awa ƙwaryar da tas sha hannun gyartai."

Ya ce to, daga baya wani malami a wata ƙasa mai sanyi ya gwada sa rana a tsakiya, ya ga tafiyar taurarin ta fi fahimtuwa. Mutane suka yi masa dariya. Bayansa wani ya haɗa madubin hangen nesa ya duba Mushtari, ya ga 'yan watanni suna kewaya shi, alhali an ce komai duniya yake kewayawa. Ya duba Zuhura ya ga tana cika tana raguwa kamar wata. Da ya faɗa, manyan garinsu suka tsare shi a gida har ya mutu. Wani kuma ya gano hanyoyin taurarin ba da'ira ce cif ba, sun ɗan miƙe kamar ƙwai. Wani ya zo ya lissafa ƙarfin da ke jan su zuwa ga rana.

Baffa ya yi tsaki. Kaka ba ta kula shi ba. Ta ɗauko ƙwarya ta uku, ta shafa alamar da ke bakinta, ta ce tana da tambaya ɗaya, in ya amsa ta to, in bai amsa ba yaro ya tafi Jega. 

Ta ce tun tana budurwa mahaifinta ya gaya mata Gamzaki na asuba da Zara ta magariba tauraruwa ɗaya ce, ita ce Zuhura. Sai ta tambayi mahaifin nata, in kowace tauraruwa da ƙwaryarta take, me ya sa Marrihu da Mushtari da Zuhalu sukan yi nesa da rana har a gan su tsakiyar sama, amma Zuhura kullum tana gindinta, ko ta riga ta fitowa kaɗan ko ta bi ta faɗuwa kaɗan? Ya ce littattafai sun ɗinke wurin, amma ɗinkin bai kwanta masa ba. Ya ce ta ajiye tambayar.

"Na aje ta har na yi jikoki. Kai mi kac ce?"

Malamin ya share ƙasar zauren da tafin hannu. Ya ɗiga rana, ya ja ƙaramar da'ira ta Zuhura, ya ja babba ta duniya a bayanta. Ya ce, "Inna, mu muna nan waje, ita tana ciki. Duk inda ta je a hanyarta, in za mu dube ta, sai mun fuskanci wajen rana. Waɗancan ukun kuwa suna bayanmu, shi ya sa mukan juya wa rana baya mu gan su."

Kaka ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta waiga tsakar gida, inda jar akuyarta ke ɗaure tana kewaya turke, ta je iyakar igiya ta dawo.  Ta ce a hankali, "Ashe ɗaure take. Ashe rana ita at turke." Sai hawaye. Ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar. Ta ce, "Amsar na tsakar gidanmu tana cin dusa, Baba yar rasu bai jiya ba."

Baffa ya taso daga bango. "Inna, kina nuhin mahaihinki ya yi kuskure?"

"Ya kai inda hitilarshi tak kai. Shi da bakinai yac ce min lissahin ga na mutane na, abin da Allah ya saukar daban. Kuma shi yac ce in aje tambayar. Wanda ya gama sani ba ya ajiyar tambaya." Ta share ido da bakin mayafi. "Batun hurarka kuwa, ran da munka ƙetare gulbi cikin jirgi kana yaro, ba kai kac ce min gaɓa na tahiya ba? Hurar da nir riƙo ta zube? Yaro shi koma makaranta."

Da a nan ta tsaya, da ba wanda zai ji. Amma washegari bayan la'asar ta tara yaran unguwa, iyayen wasu suna tsaye, ta ce, "Abin da nid daɗe ina hwaɗa muku, akwai gyara." Tsohuwa mai furfura, 'yar malami, a gaban yaran da take doka da ludayi. Ba ta sha da daɗi ba. Aka riƙa cewa boko ya shiga gidan malam ta ƙofar baya. Wasu suka janye 'ya'yansu. Baffa kuwa kullum da safe yakan durƙusa ya gaishe ta, amma ya daina zama shan fura a ɗakinta, kuma an daɗe a haka. Na san abin yana damunta, don sau da yawa nakan ga ta dama furar mutum biyu ta ba yara rabi.

Ba ta jefar da ƙoren ba. Kullum da su take farawa, ta ce, "Ga yadda mutanen da sunka gane, kuma da shi sunka san lokacin shuka, kar in ji wanda ya raina su." Sannan ta ɗauko igiyoyi, gajeru da dogaye. Ta zauna kan kujerarta a tsakiyar gida a matsayin rana, ta riƙe bakinsu duka, kowane yaro ya kama ɗaya bakin ya ɗora ƙwarya a ka, su yi ta kewaya ta. Mai goruba shi ne duniya, kuma dole ƙaramin yaro ya riƙa zagaya shi a matsayin wata, har jiri ya kwashe shi a yi ta dariya. Yaran da aka janye, ta katanga suka riƙa dawowa.

Da na gaya mata bayan Zuhalu an gano wasu uku da ido ba ya gani, duka sun zama tara, sai ta ce, "Ka ce tara ta yau. Ni bakwai anka ba ni." Da rediyo ya fara labarin wani ƙarfe da aka harba yana kewaya duniya, cewa ta yi an ƙara wa duniya ɗan akuya. Ranar mulkin kai kuma, yara suka shigo da 'yan tutoci, wata maƙwabciya ta tsokane ta cewa tun da Turawa za su tafi sai su tafi da lissafinsu. Kaka ta ce, "Ai su ma aro sunka yi. Abin da yab biyo ta hannun Yunanawa da Larabawa har yaz zo zauren gidan ga, wa za ya ce nashi na?"

Ganina da ita na ƙarshe, hutun bazara ne. Ta rame, goro ma sai an daka mata. Ta ce, "Maigida, ina cehwane?" Na ce yau na kawo babba, an ce wani mutum ya shiga ƙarfe ya kewaya duniya ya sauko da ransa. Ta ce, "Ya ga igiyar?" Na fara yi mata bayanin ƙarfin da ke jan abu zuwa ga abu, irin na littafi. Ta ɗaga hannu. "Wanga suna na kunka ba ta. Na ce ya gan ta?" Na ce a'a. Ta yi murmushi ta ce, "To aje tambayar." Na yi dariya na tashi, ina sauri kada mota ta bar ni. Da na san ita ce ta ƙarshe, da na bar motar ta tafi.

Ranar sadakar bakwai, bayan la'asar, baƙi sun ragu. Na shiga cikin gida na tarar da yaran unguwa a gindin kurna. Ba wanda ya kira su, ƙafa ce ta saba. Sun ɗauko igiyoyin, kowa ya kama tasa, ɗaya bakin kuma yana yashe a ƙasa kusa da kujerar da ba kowa a kai. Ba mai wasa, ba mai magana. Wata 'yar ƙarama ta dube ni ta ce, "Wa za ya riƙe muna?"

 Sai na ji takun mutum a bayana. Baffa ne, ɗauke da ƙoren bakwai a rungume. Ya ajiye su gabana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Liman ya ce maganarta ɗaya. Ni na san biyu ta, don bisa kaina tas sake."

Ya tattara babbar rigarsa, ya zauna kan 'yar kujerar da ta yi masa kaɗan, ya tsince bakin igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. 'Yar ƙaramar ta ce ba haka Kaka ke riƙewa ba, ta zo ta gyara masa yatsu, ya bar ta ta gyara. Sannan ya ce mini, "Hwara musu da na mutanen da, awa yadda takan yi."

Na sa goruba cikin ɗan ƙoƙo. Ya Allah, baiwarka ta zo maka da tambayoyinta a ajiye. Ka gafarta mata, ka yalwata makwancinta, ka haɗa ta da mahaifinta a inuwar rahamarka, ta kai masa amsar da ta samo.